Tsaga ragar alwatika da fitar da layin mahaɗa: jagora ga masu aikin awon ƙasa, da misali daga fadamar Argungu

Ranar lissafin cikon da aka zuba a jinga ita ce ranar da ake gane ko safiyo ya yi aikinsa. Ɗan kwangila zai zo da littafin da yaransa suka riƙa ƙirga tifa, mai aiki zai zo da takardar da kwamfuta ta fitar, lambobin biyu kuma su ƙi gaisawa. Sau da yawa ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Matsalar tana can cikin ragar alwatika, wato siffar ƙasa da kwamfuta ke ginawa da alwatikai, a daidai inda gangaren jinga ya taɓa ƙasar fadama, wurin da aka share alwatikan da ya kamata a tsaga, ko aka bar haƙa da ciko suka cinye juna a cikin alwatika guda.

Misalin da zan bi shi ne jingar kare gonar shinkafa a fadamar Gulbin Rima, wajen Argungu. Samanta mita 3 ne a faɗi, tsayinta mita 2, gangaren kowane gefe ɗaya bisa biyu, tsawonta mita 500. Zan riƙa ambaton manhajojin kwamfuta irin su Civil 3D da QGIS da CloudCompare da Blender, kuma sunayen maɓallai zan bar su yadda za ka gan su a allo.

Mece ce ragar, kafin a taɓa ta

Ka ɗauki ɗigogin da ka auno da GPS ko total station (na'urar auna kusurwa da nisa), kowanne da gabas da arewa da tsayinsa. Manhaja tana haɗa su uku-uku su zama alwatikai marasa hawa kan juna, kamar an shimfiɗa homar masunta a kan ƙasa, ko'ina ta bi tudu da kwari. Wannan ita ce ragar da ake kira TIN. Dokar da yawancin manhajoji ke bi wajen haɗawar ta samo suna ne daga Boris Delaunay, masanin lissafi ɗan Rasha, wanda ya bayyana ta a 1934: idan ka zana da'irar da ta bi ta kusurwoyi uku na kowace alwatika, kada wani ɗigo ya faɗo cikinta. Amfanin dokar shi ne tana guje wa siraran alwatikai masu kama da tsinke gwargwadon iko.

Abu biyu za ka riƙe. Na farko, dokar Delaunay ba ta duba tsayi sam. Daga sama take kallon ɗigogi, don haka ba ta san wannan bakin rafi ne, wancan ƙasansa ne ba. Na biyu, a kowane wuri raga tana da tsayi ɗaya tak. Bangon kwalbati da ya tsaya kyam ba zai shiga ba sai ka ɗan ja samansa baya da santimita ɗaya ko biyu, ko ka yi amfani da nau'in Wall na layin gaɓa a Civil 3D, wanda za mu zo kansa a mataki na uku.

Mataki na ɗaya: ka sa ragogin biyu su yi magana da harshe guda

Raga biyu za ka haɗa: ta ƙasar asali da ka auno, da ta zane wadda injiniya ya tsara. In ba a kan ma'auni ɗaya suke ba, duk abin da zai biyo baya aikin banza ne.

Kusan dukan Kebbi tana yammacin layin digiri 6 na gabas, wato yanki na 31 na tsarin UTM, tsarin da ke raba duniya yanki-yanki ya ba kowane wuri lambar gabas da arewa da mita. Zamfara kuwa layin ya ratsa ta: Gusau da Ƙaura Namoda suna yanki na 32, Gummi da Bukkuyum suna na 31, Anka da Talatar Mafara suna bakin layin. Wanda ke aiki a kewayen madatsar Bakolori sai ya zaɓi yanki ɗaya ya tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Lambobin EPSG, waɗanda manhaja ke gane tsarin awo da su, su ne 32631 da 32632 idan WGS84 ne, wato ma'aunin duniya na GPS, 26331 da 26332 idan tsohon ma'aunin Minna ne. Tsofaffin taswirori da turakun gwamnati da yawa a kan Minna suke, GPS kuma WGS84 yake bayarwa in ba ka sauya masa ba. Bambancin lambobin wuri ɗaya tsakanin tsarin biyu yakan wuce mita 100 a yankinmu. Jinga mai faɗin mita 11 a gindi, ka gusar da ita mita 100, ai ta koma gonar maƙwabci.

Haka ma tsayi. Tsayin da GPS ke fitarwa kai tsaye ba shi ne tsayi daga matakin teku ba. A nan bambancinsu kimanin mita 20 ne. Bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya tattara a Fabrairun 2000, a kan ma'aunin matakin teku na EGM96 suke, irinsu na Copernicus kuma a kan EGM2008. Dukansu tazarar mita 30 ce tsakanin ɗigo da ɗigo, suna da amfani wajen ganin inda ruwa ke bi a faɗin yanki, amma kada ka kuskura ka lissafa cikon jinga mai mita 2 da su. Kafin ka ci gaba, ka zaɓi turke ɗaya da ka san tsayinsa, ka duba ko ragogin biyu sun ba shi lamba ɗaya.

Akwai wani tarko da mutane ba su cika lura da shi ba. A Birnin Kebbi lambar arewa ta haura 1,370,000, ta gabas kuma ta haura 600,000. Manhajar da ke ajiye lamba a ma'ajin bit 32, irin su Blender da fayil ɗin STL, ba ta iya bambance abin da ya gaza santimita 12 da rabi a lamba mai girman ta arewa, ko santimita 6 da ɗoriya a ta gabas. Ɗigogi biyu da ke kusa sai su haɗe, layi miƙaƙƙe ya koma tsani. Maganin shi ne ka cire wata cikakkiyar lamba daga kowane ɗigo kafin ka shigar, misali 630,000 daga gabas da 1,377,000 daga arewa, ka rubuta abin da ka cire a littafinka, in an gama ka mayar. CloudCompare da kanta take tambayarka wannan lokacin buɗe fayil, da sunan Global Shift. Ka amsa mata da e, kuma ka ba ragogin biyu lamba iri ɗaya.

Mataki na biyu: share fage

Ka cire ɗigogin da suka maimaitu. Ka nemo waɗanda tsayinsu ya zama sifiri saboda an manta ba a shigar ba, domin irinsu kan haƙa rijiya mai zurfin mita 200 a tsakiyar gona. Sannan ka duba bakin raga. Manhaja takan cike kowane lungu da dogayen alwatikai da ke haɗa ɗigogin da babu abin da ya haɗa su a fili. A Civil 3D ka sa iyaka a Maximum triangle length cikin Surface Properties. A CloudCompare, lokacin da ka zaɓi Delaunay 2.5D a ƙarƙashin Mesh, za ta tambaye ka tsawon gefe mafi girma. Idan tazarar awonka mita 10 ce, mita 25 ko 30 ta isa.

Ga gwaji mai sauƙi. Raga cikakkiya marar rami, mai ɗigo n, wadda h daga cikinsu ke kan baki, tana da alwatika 2n − 2 − h. Ɗigo 1,000 da 60 a baki, alwatika 1,938 ke nan. In lambar da manhaja ta nuna ta saɓa, akwai rami ko ninki a wani wuri.

Mataki na uku: layin gaɓa

Nan ne fadama ke kayar da mutane. Ƙasar shimfiɗe take, amma cike da ƙananan hanyoyin ruwa da kunyoyi da tsofaffin jingogi. Ka ce ka auna ɗigo biyu a bakin rafi, ɗaya hagu ɗaya dama, da biyu a ƙasansa, ɗaya gaba ɗaya baya. Ɗigogi huɗun nan hanya biyu ake iya haɗa su. Idan manhaja ta ja layi daga baki zuwa baki, ta gina madatsar da babu ita a duniya. Idan ta ja daga ƙasa zuwa ƙasa, rafi ya fito yadda yake. Dokar Delaunay ba ruwanta da wanne ne gaskiya.

Layin gaɓa, wanda manhajoji ke kira Breakline, umurni ne ga raga cewa kada gefen wata alwatika ya tsallake wannan layi. Ka zana shi a bakin rafi na kowane ɓangare, da tsakiyar ƙasansa, da sama da gindin kowace tsohuwar jinga. A QGIS, kayan aikin TIN Mesh Creation, wanda ya shigo tun fitowa ta 3.16, yana ba ka damar cewa wannan shimfiɗa ɗigogi ce, wancan layin gaɓa ce. Idan wuri ɗaya ko biyu ne kawai suka karkace, Swap Edge a Civil 3D ko juya gefe a sashen gyaran raga na QGIS ya wadatar. Layukan gaɓa biyu kada su gitta juna da tsayi daban, domin ka tambayi raga tsayi biyu a wuri ɗaya ke nan, ita kuma za ta yar da ɗaya ba tare da ta yi shawara da kai ba.

Ni dai tun a fili nake wannan aikin. Yaron da ke riƙe sanda ina gaya masa ya bi bakin rafi har ƙarshe kafin ya sauka ciki, kowane layi da lambarsa. A ofis ba ka iya tuna wane ɗigo ne na baki bayan sati biyu.

Mataki na huɗu: tsaga raga da layi

Yanzu kana son raba ragar gida biyu, ko ka yanke ɓangaren da jinga za ta zauna. Hanya biyu ce, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan.

Ta farko ita ce sharewa: duk alwatikar da layi ya taɓa a cire ta. Bakin da zai rage zai zama kamar haƙoran zarto, kuma fili ya ɓace. Idan gefen alwatikanka mita 10 ne, a tsawon mita 500 ka zubar da fiye da murabba'in mita dubu a kowane ɓangare.

Ta biyu ita ce tsagawa, kuma ita ake so. Layi yana shiga alwatika ta gefe ɗaya ya fita ta wani. A kowace mashiga ana dasa sabon ɗigo, tsayinsa kuma ana samo shi daga kusurwoyi biyu na wannan gefen gwargwadon nisa. Misali gefe mai mita 10, kai ɗaya 201.00, ɗayan 202.00, layi ya ratsa a mita 3 daga na farko, sabon ɗigo 201.30 ne. Alwatikar sai ta rabu: ƙarama a ɓangaren da ke da kusurwa ɗaya, da mai kusurwa huɗu a ɗaya ɓangaren, wadda ita ma ake raba ta biyu. Ɗaya ta zama uku. In layin ya bi ta kan kusurwa daidai, biyu kawai za ta zama. Siffar ƙasa ba ta canza ko da milimita ɗaya ba, domin duk 'ya'yan suna kwance a kan shimfiɗar uwarsu.

A Civil 3D wannan bambanci duka yana cikin akwati ɗaya. Ka zana rufaffen layi, ka ƙara shi a Boundaries, ka zaɓi Outer in ciki kake so, ko Hide in waje kake so, sannan ka sa alama a Non-destructive breakline. Da alamar, tsagawa ce. Babu ita, sharewa ce. Don samun gida biyu, ka ƙirƙiri sababbin raga biyu, ka yi Paste Surface na ƙasar asali a kowacce, ɗaya ka ba ta Outer, ɗayar Hide, da layi guda. Ta asali kada ka taɓa ta.

A QGIS, daga fitowa ta 3.22, kana buɗe gyaran raga, ka zaɓi layinka, ka yi amfani da Force by Selected Geometries don ya dasa ɗigogi a inda layin ya gitta gefuna, kana gaya masa ya ɗauki tsayi daga ragar kanta. Bayan haka ka zaɓi alwatikan ɓangaren da ba ka so ka cire. A Blender kuwa Bisect na yanka miƙaƙƙen layi, Knife Project na yanka mai lanƙwasa, amma ka tabbata kallonka daga sama yake kai tsaye kuma a yanayin Orthographic, in ba haka ba yankan zai karkace.

Sai abin da ya fi kowanne ɓoyuwa. Kowane gefe na alwatika biyu ne. Idan aka dasa ɗigo a kansa don wannan, dole maƙwabciyarta ma ta tsage a wurin. In ba haka ba, an bar tsaga wadda ido ba ya gani, sai ranar da ka fitar da layukan tsayi ka ga sun katse, ko lissafin ciko ya zube ta wurin. Wannan ya fi faruwa idan an tsaga ɓangarori biyu daban-daban sannan aka dawo haɗa su. A Blender, Select All by Trait sannan Non Manifold zai haska maka duk gefen da ba shi da abokin zama. Bakin waje kaɗai ya kamata ya haska. Merge by Distance da milimita ɗaya yana ɗinke ƙananan, amma kada ka ɗaga lambar sama don ganin hasken ya ɓace, za ka narkar da alwatikai masu kyau.

Ka gama tsagawa? Haɗa faɗin ɓangarorin biyu. Dole ya dawo faɗin ragar asali. In ya gaza, wani abu ya faɗi a hanya.

Mataki na biyar: inda raga biyu suka haɗu

Gindin jinga ba miƙaƙƙen layi ba ne. A inda ƙasa ta yi kwari gangaren yana tafiya nesa kafin ya taɓa ta, a inda ta yi tudu yana tsayawa kusa. Layin da gangare ya sadu da ƙasa shi ne mahaɗa, kuma shi ne za a kafa wa turaku.

Hanyar tunaninsa mai sauƙi ce. A kowane wuri ka cire tsayin ƙasa daga tsayin zane. In sakamakon ya haura sifiri, ciko ne. In ya gaza, haƙa ne. Mahaɗa ita ce inda ya zama sifiri daidai. A gefe mai mita 10, kai ɗaya +0.60, ɗayan −0.40, sifiri yana a 0.60 bisa 1.00 na tsawon, wato mita 6 daga kan farko.

Sai dai wannan lissafi yana tsayawa ne kawai idan duka ragogin biyu shimfiɗe suke a tsakanin ɗigogin biyu. Idan gefen ragar ƙasa ya bi ta ƙarƙashin kafaɗar jinga, bambancin ya karye a tsakiya, kuma auna kawuna biyu kaɗai zai ba ka amsar ƙarya. Shi ya sa manhaja mai kyau take fara ɗora raga a kan raga, ta tsaga kowace alwatika a duk inda gefen ɗayar ya ratsa ta, sannan ta nemi sifiri. Kundin manhajojin lissafi na CGAL yana kiran wannan corefinement. Gwajin ko alwatika biyu sun soki juna, wanda Tomas Möller ya wallafa a 1997, shi ma kan alamar nan ya dogara: in kusurwoyi uku na wannan duk suna gefe ɗaya na shimfiɗar waccan, ba su haɗu ba, a wuce.

A aikace, a Civil 3D ka ƙirƙiri TIN Volume Surface, ƙasar asali a matsayin Base, zane a matsayin Comparison. Ka shiga Analysis, ka zaɓi User-Defined Contours, ka sa guda ɗaya a tsayi 0, ka kunna shi a salon nuni, ka fitar da shi da Extract Objects. Lura: layin da ya fito tsayinsa sifiri ne, yana can ƙarƙashin ƙasa da mita 200. Ka mayar da shi Feature Line, ka ba shi tsayi daga ragar ƙasa, ka kuma sa alama a Insert intermediate grade break points don ya kwanta a kan kowace alwatika. Akwai gajeriyar hanya a shafin Analyze, wato Minimum Distance Between Surfaces, wadda ke zana layin in ragogin sun soki juna.

Wanda ba shi da kuɗin lasisi, QGIS ta ishe shi. Ka mayar da kowace raga hoton tsayi da TIN Interpolation, iyaka iri ɗaya, girman ƙwayar hoto (pixel) iri ɗaya, misali santimita 25. Ka cire ɗaya daga ɗaya a Raster Calculator, ka fitar da layin sifiri da Contour. Ba tsagawa ta gaskiya ba ce, kusantawa ce, kuma kuskurenta bai wuce girman ƙwayar da ka zaɓa ba. Ga jingar gona ya wadatar. A Blender sai ka haɗa ragogin su zama abu ɗaya, ka zaɓi alwatikan ɗayar, ka yi Intersect na Knife a ƙarƙashin Face. Idan Boolean kake so, tana buƙatar rufaffen jiki, don haka ka ja bakin kowace raga ƙasa ka rufe gindinta, ka zaɓi Exact, wanda ya zo da fitowa ta 2.91 a 2020.

Wurin da kowace manhaja ke rikicewa shi ne inda ragogin biyu suka kwanta a kan juna. Idan injiniya ya tsayar da gangarensa daidai a kan ƙasa, ko ya zana fili mai tsayi ɗaya da fadamar, bambancin yana rawa tsakanin milimita sama da milimita ƙasa, layin sifiri ya fito gutsi-gutsi kamar sawun kaji. Dalilin shi ne kwamfuta tana gutsure ƙarshen lambobi, sai ta kasa yanke hukuncin ko ɗigo yana sama ko ƙasa. Jonathan Shewchuk, mai manhajar Triangle, ya fitar da hanyoyin lissafi na musamman don wannan matsala, amma ko da su, shimfiɗa biyu da suka manne ba su da layi ɗaya na mahaɗa. Abin da nake yi shi ne in zarce da gangaren zane mita ɗaya ko biyu cikin ƙasa, ya soke ta sosai, in ya so mahaɗa ta yanke rarar. Ƙananan zobba da suka rage, waɗanda faɗinsu bai kai murabba'in mita ɗaya ba, in share su da hannu bayan na duba kowanne.

Mataki na shida: lissafin ciko da haƙa

Kowace alwatika ana ɗaukar faɗinta na kallon sama a ninka da matsakaicin bambancin kusurwoyinta uku. Ga dalilin da ya sa sai an tsaga ta a layin sifiri tukuna. Alwatika mai faɗin murabba'in mita 60, kusurwoyinta +0.60 da −0.40 da −0.20. Matsakaici sifiri ne, wato a takarda babu aiki a wurin. Tsaga ta ka gani. Sifiri yana a 0.6 na gefe ɗaya da 0.75 na ɗayan, ƙaramar alwatikar ciko faɗinta 60 × 0.6 × 0.75, wato 27, cikonta kuma 27 × 0.20, wato kyubik mita 5.4. Ɗaya ɓangaren ya rabu biyu, mai faɗin 24 da haƙa 4.8, da mai faɗin 9 da haƙa 0.6, jimla 5.4. Ga aikin haƙa, ga aikin ciko, kowanne da kuɗin man katafila, amma rashin tsagawa ya haɗiye su duka. Yanzu ka tuna alwatika nawa ke jere a gindin jinga ta ɓangarori biyu.

Na taɓa miƙa lissafin da ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin goma saboda akwatin Non-destructive da na manta. Wani dattijon fomen ne ya kama ni, da biro a bayan kwalin siminti. Ya ce: sama 3, gindi 11, tsayi 2, fuskar yanka murabba'in mita 14 ke nan, sau 500, kyubik mita 7,000, to ina sauran? Tun ranar nake yin wannan lissafin kafin in buɗe kwamfuta. Ba zai zo daidai ba tunda ƙasa ba tebur ba ce, amma in tazarar ta yi yawa ka san akwai abin nema.

Abu biyu kuma kafin ka sa hannu. Idan za a kankare ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, ka sauke ragar asali da kaurin da aka amince a ƙarƙashin jingar kafin lissafi, domin ramin da aka kankare shi ma ciko zai ci. Sannan abin da raga ke bayarwa dannanniyar ƙasa ce, abin da ke cikin tifa kuwa sakakkiya ce. Ma'aunin juya wannan zuwa waccan daga gwajin ƙasar ramin da ake ɗiba yake fitowa, kuma a rubuta shi cikin yarjejeniya tun kafin tifa ta farko ta tashi.

Mataki na bakwai: ɗinke sabuwar ƙasa

Ka yanke zane da layin mahaɗa a matsayin Outer, ka ƙirƙiri raga ta uku, ka fara Paste na ƙasar asali, sannan na zane. Jerin yana da muhimmanci, na ƙarshe ne ke hawa kan na farko. In ka liƙa zane ba tare da ka yanke shi a mahaɗa ba, za ka ga katanga ta tsaya a bakinsa.

Da wannan raga ta uku za ka iya gwada ruwa. Ka yi shimfiɗa mai tsayi ɗaya, daidai alamar da ambaliya ta bari a jikin bishiya ko bango, irin ta 2012 ko ta 2020 da manoman shinkafa ba su manta ba, ka nemi mahaɗarta da sabuwar ƙasa kamar yadda aka yi a mataki na biyar. Za ta nuna maka duk wurin da ya gaza wannan tsayi, har da cikin gonar da jinga ta kewaye, domin lissafin bai san ko ruwa na da hanyar shiga ba. Abin dubawa shi ne ko zoben ciki ya haɗu da na waje a wani wuri. Inda suka haɗu, nan ruwan gulbi zai bi, kuma yawanci a ƙarshen jinga ne, inda ya kamata ta cije tudu amma aka tsayar da ita da wuri.

Wajen miƙa aiki, nau'in fayil na LandXML ya fi, domin yana ɗauke da ɗigogi da alwatikan yadda ka haɗa su. In ɗigogi kaɗai ka tura, manhajar wancan za ta sake haɗa su yadda ta ga dama, layukan gaɓarka su tafi. Ka rubuta lambar EPSG da turken tsayi da abin da ka cire na Global Shift a takarda ɗaya da fayil ɗin. Sannan ka ciro ɗigogi daga layin mahaɗa kowane mita 10, ka ƙara a kan kwana, ka loda a na'ura, ka je fili ka kafa turaku tun ƙasa na bushe. A turke biyar ko shida ka auna tsayin ƙasa ka kwatanta da na raga. In sun yi hannun riga da fiye da 'yan santimita, tun lokacin awonka wani ya yi huɗa ko ruwa ya kawo yashi, sai a sake auna wannan yankin kafin katafila ta shigo.